Babi na Biyar: Fitasbag, Birnin Kayan Aro

Wurin da birnin Fitasbag yake a yau, a farkon ƙarni na 18 fadama ce mai taɓo da tsibirai, da 'yan ƙauyukan masunta, da wani sansanin sojan Suwidin da Rashawa suka ƙwace da yaƙi. A nan Sarki Bitrus Babba ya kafa harsashin birni a 1703, inda kogin Neva yake zubewa cikin tekun Baltik. Shekaru kaɗan kafin nan ya zaga ƙasashen Turai ba da sunansa na sarauta ba, har ya riƙe gizago a wurin sassaƙa jiragen ruwa a Holan, ya dawo gida da ƙudurin sai ya gina irin abin da idonsa ya gani. Dubban talakawa aka kwaso daga ƙauyuka don aikin tilas, sanyi da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Da dutse ya yi ƙaranci, a 1714 sarkin ya hana gina gidan dutse a sauran faɗin ƙasar, ya kuma wajabta wa duk jirgi ko amalanken da zai shigo birnin ya zo da duwatsu.

Baƙon da ya zo yawon buɗe ido, abu uku ne za su cinye masa kwanaki: kallon gine-gine, sayen tsaraba, da shiga gidan rawar bale. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan dukansu aro aka yi daga waje. Sai dai aro ne da aka raina da haƙuri da horo, har masu kayan suka dawo suna neman koyo a hannun wanda suka ara wa.

A fara da gini. Cocin Bitrus da Bulus, mai tsinin zinare da ya haura mita 120, Domenico Trezzini ne ya zana shi, mutumin kudancin Suwizalan. Fadar Hunturu, wadda aka gina tsakanin 1754 da 1762, aikin Rastrelli ne, ɗan asalin Italiya. Babban cocin Ishaku Bafaranshe ne ya tsaya a kansa, Montferrand, ya shekara arba'in cif yana fama, daga 1818 zuwa 1858, ya kuma rasu a shekarar da aka gama. Wanda ya biyo titin Nefski daga tashar jirgin ƙasa ta Mosko har bakin kogi zai ga duk wannan a ƙafa, ba sai ya hau mota ba.

Fadar Hunturu ita ce zuciyar gidan tarihi na Ermitaj. Sarauniya Katarina ce ta fara tara kayan a 1764, lokacin da ta karɓi zane-zane fiye da 200 daga hannun wani ɗan kasuwar Berlin, yau kuwa abin da ke ciki ya haura miliyan uku. Kuskuren da baƙi suke yawan yi shi ne son ganin komai. Sai mutum ya yi ta ratsa ɗakuna da sauri yana ɗaga waya, ƙafa ta kumbura, ya fito bai riƙe komai a kansa ba. Gara a zaɓi kaɗan a tsaya. Akwai zane biyu na Leonardo da Vinci. Akwai na Baholanden nan Rembrandt mai nuna ɗan da ya yi almubazzaranci ya dawo ya durƙusa gaban mahaifinsa, takalminsa ɗaya ya fita, hannuwan tsohon na kan bayansa. Wannan kaɗai ya isa a ba shi rabin sa'a. Akwai agogon ɗawisu da aka ƙera a Ingila a ƙarni na 18, wanda har yanzu idan an waina shi ɗawisun yakan buɗe jelarsa, mujiya ta juya kai, zakara ya yi cara. A ƙarƙashin ginin kuma kyanwoyi ne ke zaune suna gadin kaya daga ɓeraye, al'adar da ta faro daga umarnin Sarauniya Elizabet na 1745 cewa a kawo kyanwoyi daga birnin Kazan.

Ban fahimci darajar waɗannan ɗakuna ba sosai sai da na san abin da ya faru da su a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Jamus sun yi wa birnin ƙawanya, a lokacin sunansa Leningirad, daga 8 ga Satumba 1941 zuwa 27 ga Janairu 1944, kwana 872. Kafin hanya ta toshe, ma'aikatan gidan tarihin sun yi lodin kaya fiye da miliyan guda a jiragen ƙasa biyu zuwa Sverdlovsk, can yankin duwatsun Ural. Firam ɗin zanen kuwa aka bar su rataye a bango, kowanne a gurbinsa, domin ranar da kayan za su dawo. A Nuwamba 1941 rabon burodin yara da marasa aiki ya sauka zuwa giram 125 a yini. Mutane ɗaruruwan dubbai yunwa ta kashe, kusan rabin miliyan na kwance a maƙabartar Piskaryofskoye. A cikin wannan hali ma'aikatan da suka rage suna kwana a ƙarƙashin ginin, suna share ƙanƙarar da ta shigo ta fasassun tagogi. Mutanen da suka yi haka don zanen wani Baholande sun riga sun mai da shi nasu.

Musulmin da ya ƙetara gadar Trinita zai hango wata ƙubba shuɗiya mai ruwan bula da hasumiya biyu. Babban masallacin birnin ke nan. An aza harsashinsa a 1910, aka fara salla a ciki a 1913, Sarkin Buhara ne ya ba da kuɗin sayen filin, ƙubbar kuma an kwaikwayo ta daga hubbaren Timur da ke Samarƙand. Gwamnatin Sobiyet ta rufe shi a 1940 ta mai da shi ma'ajiya, sai a 1956 aka mayar wa Musulmi, shekarar da Shugaba Sukarno na Indonesiya ya ziyarci birnin. Ranar Juma'a Tatar da Uzbek da Tajik da mutanen Kaukasus ne ke cika shi. A gidajen abincin Uzbek, waɗanda suke da yawa a gari, ba a rasa shinkafa da naman rago, kuma da yawansu suna rubuta halal a ƙofa.

Akwai kuma wata alaƙa da yankinmu da ba kowa ya sani ba. A gida mai lamba 12 a bakin kogin Moika ne Pushkin, babban mawallafin Rashawa, ya cika a 1837. Kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, baƙar fata ne da aka sato daga Afirka yana yaro, aka bi da shi ta Istanbul, ya tashi a hannun Bitrus Babba, ya zama injiniyan soja har ya kai janar. An daɗe ana cewa Bahabashe ne. A 1996 masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjar cewa garin da Gannibal ya ambata a matsayin mahaifarsa shi ne Logone-Birni, a arewacin Kamaru kusa da tafkin Chadi, kuma masana da dama sun karɓi wannan.

Maganar tsaraba kuwa, wanda ya yi tafiya mai nisa ya san ba a dawowa hannu rabbana. Rumfunan da suka fi ɗaukar baƙi suna kusa da cocin nan mai ƙubbobi launi-launi da aka gina a daidai inda aka jefa wa Sarki Aleksanda na Biyu bam a 1881. Abin da ya fi yawa a kan teburan shi ne matiryoshka, 'yar tsanar katako da ake buɗewa a sami wata a ciki, a buɗe wannan a sami wata, kamar yadda ake jera ƙore ƙarama cikin babba. Mutum zai ɗauka gadon kaka da kakanni ce, alhali ba ta girmi shekarun 1890 ba. Wani masassaƙi, Vasili Zvyozdochkin, shi ya gurza ta farko, mai zane Sergei Malyutin ya yi mata fenti: guda takwas, ta wajen yarinya ce riƙe da baƙin zakara. A bajekolin duniya na Paris a 1900 ta sami lambar tagulla, daga nan oda ta fara shigowa, garuruwa irin su Sergiyef Posad da Semyonof suka riƙe ta sana'a.

Araha ba ta ado. A kan teburi ɗaya za a ga wadda aka manna wa hoton da inji ya buga aka shafe da mai sheƙi, da wadda mutum ya zauna ya zana da hannu. A ɗaga ta a haske, ta hannu za a ga sawun burushi, kuma fuskar ƙaramar ciki ba ta zama daidai da ta babbar kwabo da kwabo. A juya gindinta, masu aikin kirki sukan sa hannu. A buɗe a rufe, a ji ko bakin ya kama tsam. Mai gurzar yakan fara da 'yar autar ciki, sannan ya auna kowace a kan wadda ta gabace ta. A rumfuna ana ciniki, a kantuna farashi a rubuce yake. A kuma tafi da tsabar kuɗi, domin tun 2022 katin Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a Rasha.

Wasu ba za su so shiga gida da mutum-mutumi ba, kuma ba su rasa abin saye ba. Mayafin ulu na garin Pavlovski Posad, mai manyan furanni da geza, masaƙarsa ta faro tun 1795, kuma babu uwar da za a kai wa shi lokacin hunturu ba ta sa albarka ba. Akwai kofunan shayi na masana'antar tangaran ta sarauta, wadda aka kafa a birnin a 1744. Zanensu da ya fi suna raga ce shuɗiya mai ɗigon zinare a kowace mahaɗa, aikin wata mata Anna Yatskevich, wadda ta zauna a birnin lokacin ƙawanya. Akwai masu cewa tagogin da aka gicciya wa takarda don kada bam ya tarwatsa gilashi ne suka ba ta zanen. Akwai carbi da sarƙar amba, wato ƙaron itace da ya daskare tun miliyoyin shekaru, wanda ake haƙowa a Kaliningirad. Na jabu ya yi yawa, don haka a saya a kanti mai ba da rasit.

Ni abin da na fi so shi ne 'yan akwatunan Palekh, baƙaƙe wuluk masu zanen zinare. Mutanen wannan ƙauye masu zanen hotunan coci ne tun ƙarnoni. Da juyin juya halin 1917 ya zo, kasuwar ta mutu a dare ɗaya. Maimakon su yar da burushi, a 1924 wasu daga cikinsu suka haɗa ƙungiya, suka mayar da hannunsu kan akwatin takarda da aka matse da manne, suna zana tatsuniyoyi da dawakai da fentin da ake kwaɓawa da ƙwanduwar ƙwai. Gashin kurege suke yin burushi da shi. Akwati ɗaya na gaske yakan ci watanni, saboda haka wanda aka tallata maka a kuɗin kofin shayi ba shi ba ne. Tsofaffin kaya kuwa, irin hoton coci ko lambar yabo ta soja, kada a taɓa su, domin ba a fita da su daga ƙasar sai da takardar izini.

Yanzu sai bale, wanda shi ne babban dalilin zuwan mutane da yawa. Tikitinsa ya kamata a fara saya tun kafin a bar gida, daga gidan wasan kansa, domin a lokacin bazara akwai ƙananan dandamali da ke shirya wasa don baƙi kawai, suna aron sunan manyan wasanni. A kuma duba wane gini ne aka rubuta, don gidan wasan Marinski yana da tsohon gida na 1860 da sabon da aka buɗe a 2013 a bayansa. Wanda zai shiga sau ɗaya, tsohon ya nema.

Rawar ta faro ne a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta girma a Faransa, inda Sarki Luwi na 14, wanda shi kansa yakan yi rawar, ya kafa mata makaranta a 1661. Rasha ta shigo daga baya. A 1738 Sarauniya Anna ta ba wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Landé, izinin koyar da yara maza 12 da mata 12, 'ya'yan barorin fada. Wannan makaranta ba ta rufe ba har yau. Ita ce ke ɗauke da sunan Agrippina Vaganova, malamar da ta tsara hanyar koyarwar a littafinta na 1934. Tana kan titin Rossi, titi mai tsawon mita 220 da faɗin mita 22, gine-ginen gefensa ma tsayinsu mita 22. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaro yakan shiga yana da shekara goma, bayan an auna ƙafarsa da bayansa da kunnensa na kiɗa, ya yi shekara takwas yana riƙe da sandar bango kowace safiya. 'Yan matan suna tsayawa ne a kan ƙarshen yatsunsu, cikin takalmin da aka ƙarfafa bakinsa da yadi da manne, kuma babbar 'yar rawa tana iya kashe takalmi a dare guda.

Dole in faɗi abin da mai karatu zai tambaya. Tufafin rawar matsattsu ne, kuma namiji yana riƙe mace yana ɗaga ta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, babu laifi ya tsaya a gidan tarihi, ko ya shiga zauren da ake kiɗa zalla. Wanda ya shiga kuma zai tarar da zaure na natsuwa, iyaye da 'ya'yansu, tsofaffin mata da suka canza takalmi a ƙofa suka sa na ado. Babbar riga ta sanyi ana miƙa ta a wurin ajiya a karɓi lamba, a nan ma ake hayar 'yar tabarau mai jawo nesa. Ana buga ƙararrawa sau uku, bayan ta uku wanda ya makara ba zai kai ga kujerarsa ba sai an yi hutu.

Wasan da aka fi nema shi ne Tafkin Suwan. Suwan babban tsuntsun ruwa ne dangin dinya, fari fat mai dogon wuya. Caikofski ya rubuta kiɗan, aka fara nuna wasan a Mosko a 1877, amma siffar da duniya ta sani a wannan dandamali na Marinski aka haife ta, a 1895, bayan mawaƙin ya rasu da shekara ɗaya da 'yan watanni. Marius Petipa, mutumin Marseille da ya zo birnin a 1847 ya zauna har tsufa, shi ya tsara rawar fada, Lev Ivanov kuma ya tsara ta bakin tafki. Babu magana ko kalma ɗaya, don haka a karanta labarin kafin a kashe fitila. Wani matsafi ya mai da gimbiya Odette tsuntsuwa, ba ta komawa mutum sai da dare, kuma alkawarin so na gaskiya ne kawai zai karya sihirin. Yarima Siegfried ya ɗauki alkawari, sai matsafin ya zo fada da 'yarsa Odile cikin kamannin Odette, yariman ya rantse wa wadda ba ita ba. 'Yar rawa ɗaya ce ke fitowa a matsayin matan biyu, fari da baƙi, kuma a nan ake gane gwana.

Kowa jira yake a zo wurin da Odile take juyi 32 a kan ƙafa ɗaya ba tare da ta gusa daga inda take ba, har za ka ji na kusa da kai yana ƙirgawa a hankali. 'Yar Italiya Pierina Legnani ce ta zo da wannan, kuma Barashiya ta farko da ta iya shi ita ce Matilda Kshesinskaya, wadda gidanta ke maƙwabtaka da masallacin da na ambata. Daga barandar gidan ne Lenin ya yi wa jama'a jawabi a 1917. Juyin abin mamaki ne, amma ni ba shi ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne sahun 'yan matan baya, su fiye da ashirin cikin farare, waɗanda babu mai tafa wa ɗayansu ita kaɗai. Hannu ya tashi tare, wuya ya karkata tare, sannan su daskare a tsaye a gefen dandamali na tsawon mintuna yayin da manyan biyu suke rawarsu, ƙafa na ciwo, fuska ba ta nuna ba. Kuɗi yana iya hayo gwana ɗaya daga ko'ina, kamar yadda aka hayo Legnani. Wannan sahu kuwa sai makarantar da ta shekara kusan 300 tana koya wa yara ɗaga hannu iri ɗaya.

Daga wannan makaranta rawar ta koma inda ta fito. A 1909 Sergei Diaghilev ya kai 'yan rawarta Anna Pavlova da Nijinski Paris, a lokacin da bale ya yi sanyi a Faransa, suka tayar da shi. George Balanchine, ɗalibin titin Rossi, shi ya kafa makarantar bale a New York a 1934. Rudolf Nureyev, ɗan gidan Tatar da ya tashi cikin talauci a Ufa, ya shigo makarantar a makare yana da shekara 17, ya ƙi komawa gida daga Paris a 1961, kuma daga 1983 zuwa 1989 shi ne shugaban rukunin bale na gidan opera na Paris, inda ya koya wa Faransawa wasannin Petipa, ɗan ƙasarsu.

Ƙarshen wasan ya danganta da inda aka kalle shi. A tsarin 1895 masoyan mutuwa suke yi. A Marinski ana bin tsarin Konstantin Sergeyev na 1950, inda yarima yake fizge fiffiken matsafin, sihiri ya karye. Tafi yakan daɗe, 'yan rawa su fita su dawo, ana kawo musu furanni. Wanda zai ba wani fure a Rasha ya tabbata adadin mara ne, uku ko biyar ko bakwai, domin cika na makoki ne.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, don haka mutum yakan yi la'asar kafin ya shiga, ya fito ya tarar magariba ta yi ko tana gab. Garin ba ya yin duhu sosai, jama'a na cike da bakin kogi, kuma a nan ake shagala. Daga Afrilu zuwa Nuwamba, bayan ƙarfe ɗaya na dare ake ɗaga manyan gadojin Neva domin jiragen kaya su wuce, ba a sauke su gaba ɗaya sai wajen biyar na asuba, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma ya riga ya tashi daga aiki. Wanda masaukinsa ke tsibirin Vasilyefski ko ɓangaren masallaci, ya ƙetare tukuna, ya tsaya kallon ɗaga gadar daga nasa gefen.